Igiya Mai Lamba Goma Sha Biyu

In dai maganar cika baki ake yi a Dalvoran, to kowa ya koma gefe ya ba Murdo Gillanders wuri. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da darduma da labule a birni, da ya yi ritaya ya biyo matarsa Ishbel ƙauyensu, kuma tun bai gama kwance kayansa ba ya fara koya wa 'yan gari yadda ake kama kifi a kogin da aka haife su a bakinsa. Hularsa kuwa ba a magana. Ya soke ta da ƙudajen fatsa, irin na gashin tsuntsu da ake ɗaura wa ƙugiya, har ba ka ganin yadin. Ko ɗaya a cikinsu bai taɓa jiƙewa ba, sai dai in ruwan sama ya dake shi a hanyar mashaya.

A can mashayar yake baje kolinsa. "A ƙasar Norway," in ji shi, "ina tsaye a wannan gaɓa nake jefa ƙuda ya sauka a waccan gaɓa, a kan ganyen da na zaɓa. Mutanen wurin har hula suke cire min."

Lachlan mahauci, ƙanen matarsa, ya ce, "Mijin Yaya, a Norway ɗin darduma ka kai musu ko kifi ka je kamawa?"

"Kai dai ka tsaya a kan tsiran alade, Lachlan. Wannan magana ta fi ƙarfinka."

Da abin ya tsaya a mashaya, da babu wanda ya yi asara sai masu kunne. To amma akwai sandar tsoho Hector.

Hector shi ne uban Ishbel da Lachlan. Da hannunsa ya tsaga itacen gora ya haɗa wata siririyar sandar fatsa mai launin zuma, kuma da ita ake buɗe Kogin Voran duk shekara. Ranar buɗewa mai busa algaita zai yi gaba, gari ya bi shi zuwa bakin ruwa, a zuba wa kogi wiski daga kwano mai hannu biyu, sannan a yi jifan farko. Kafin wannan jifa babu mai saka ƙugiya a ruwa. Tun da tsohon ya rasu sandar take rataye a kan ƙusoshi biyu bisa murhun Ishbel, ana ta lallaɓa bikin da sandunan kanti, babu wanda yake jin daɗinsa. A bana ƙungiyar masu fatsa ta aiko roƙo a fito da ita. Saƙon bai huce ba sai ga Lachlan a bakin ƙofa, ko rigar mahautarsa bai cire ba.

"Yaya, ba ni sandar Baba. Ni ya koya wa jifa."

Ishbel ta ce, "Ni ya bar wa."

"Ya bar miki ki rataye kamar hoto? To in ba ni ba, wa zai yi jifan farko?"

Ita da ƙanenta ba su taɓa yin magana uku ba tare da ta huɗun ta zama faɗa ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Mijina."

Lachlan ya riƙe ƙofa yana dariya har da hawaye. "Wannan? Na rantse miki, in kika ba shi sandar nan, a tsumma za ki kwaso ta."

"In ta dawo da ƙwarzane ko ɗaya, a gaban duk garin nan zan ba ka haƙuri, in miƙa maka ita da hannuna."

Dariyar ta tsaya. Kowa a Dalvoran ya san Ishbel ba ta taɓa ba ƙanenta haƙuri ba, ko ranar da ta fasa masa kai da tukunya suna yara. Murdo kuwa yana kan kujera ƙarƙashin sandar, ya miƙe ƙafa yana murmushi irin na wanda aka naɗa sarauta.

Da Lachlan ya tafi ta kafa masa sharaɗi. Ba zai taɓa sandar ba sai da safiyar bikin, kuma ba zai canza komai a jikinta ba. Ta nuna masa gindinta, inda tsohon ya rubuta lamba da tawada. "Huɗu ce. Igiyar siliki da ke kanta ita ma huɗu ce. Baba ne ya haɗa su, ka bar su yadda suke."

"Haba Ishbel, ni za ki koya wa lamba?"

Ai kuwa da ma ta koya masa. A wannan fatsa ba dalma ake ɗaurawa ba, nauyin igiyar ne yake lanƙwasa sanda ya kai ƙuda inda ake so. Shi ya sa kowace sanda take da lambarta, kowace igiya take da tata, ƙarama da ƙarama, babba da babba. Ko kyanwar Dalvoran ta san wannan. Murdo bai sani ba, kuma mutum irinsa ya gwammace ya nutse da ya yi tambaya.

Washegari ya leƙa ta kan shinge ya ari sanda a wurin maƙwabcinsa Torquil, wai zai ɗan motsa hannu. Torquil, don mugunta, ya jawo masa wata ƙatuwar sanda ta kamun manyan kifayen nan da ake kira samon, mai hannu biyu, tsawonta kamar falwaya. Murdo ya saka mata wata siririyar igiya da abokan aikinsa suka ba shi ranar ritaya, wadda har ranar tana cikin kwalinta. Ya tsaya tsakiyar ciyawar bayan gida, ya gyara hula, ya kai sanda baya, ya kawo gaba da iyakar ƙarfinsa.

Igiyar ta zubo a kan takalminsa kamar dafaffiyar taliya.

Torquil ya jingina da shinge da kofin shayi a hannu. "Tirƙashi! Haka ake yi a Norway?"

"Gwada iska nake yi."

"To yaya ka same ta?"

Murdo ya shiga kaɗa sanda gaba da baya ba kakkautawa, ba ya ko jiran igiyar ta miƙe a bayansa. Sai ka ji tas, ƙuda ya tsinke ya yi nasa wuri. Ya ɗaura wani, tas. Ya ɗaura wani, tas. Kafin azahar gefe guda na hularsa ya yi sanƙo. Can dai wani jifa ya kuɓuce masa ya haye shinge, igiya ta miƙe, sanda ta girgiza. Murdo ya ƙwala ihu, "Ya ci! Ya ci!" ya manta ba a ruwa yake ba. Abin da ya jawo ta kan shingen kazar Peigi ce, matar Torquil, ƙugiya a fiffikenta, tana kuka kamar za a yanka ta.

Peigi ta fito da muciya a hannu. "Mista Gillanders, kifin Norway ma ƙwai suke yi min da safe?"

"Kazarki ce ta shigo hanyar jifa."

"A cikin akurkinta? Sake min ita kafin in buɗe maka kogi a tsakiyar kai!"

Da wani ne ya ga haka, da sai ya zauna ya tambayi kansa ko hannunsa ne da laifi. Murdo kwalin igiyar ya ɗauko, ya ga an rubuta huɗu, ya buga cinya. Ga ɓarawon! Shi abin da ya sani game da lamba a jikin kwalba ya koye shi: wiski mai shekara goma sha biyu ta fi mai shekara huɗu, kowa ya sani. Ya zari kwat ya nufi kantin Misis Tolmie, mai sayar da kayan fatsa da jarida da alewa.

"Ba ni igiyar da ta fi kowace girman lamba."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ta wace sanda?"

"In na zo sayen wiski, tambayata za ki yi wane kofi zan zuba?"

"Igiya ba wiski ba ce, Mista Gillanders."

"Lamba dai lamba ce. Ku a ƙauyen nan kun saba da ƙananan abubuwa, shi ya sa kifinku ma bai wuce yatsa ba."

Misis Tolmie ta taɓe baki, ta hau tsani, ta sauko da wani kwali da ƙura ta rufe. A ciki akwai wata igiya ruwan ɗorawa, kauri kamar ta shanya. "Goma sha biyu. Ta masu zuwa teku ce, tun mijina yana da rai take nan ba wanda ya kalle ta."

"Saboda ba a taɓa samun gwani a garin ba," in ji Murdo.

To nan fa tsiyar take. Ƙatuwar sandar Torquil irin wannan igiya take so. Murdo yana kaɗa ta sau ɗaya, sandar ta lanƙwashe ta harba igiyar kamar kibiya. Ta haye shinge, ta haye lambun kabejin Torquil, ta sauka a kan shanyar Peigi. Da ya fizgo, sai ga dogon wandon ciki na Torquil yana tafe a sama, ƙafafu a buɗe, ya wuce kan Murdo ya je ya rufe fuskar Fasto Dunbar, wanda yake wucewa a kan keke. Fasto da keke suka shiga kwata.

Murdo ko a jikinsa. Tsalle yake yana ihu, "Kun gani? Goma sha biyu! Na faɗa muku sirrin a lamba yake!"

Torquil ya ce, "Ka dai ba ni wandona, sirrin ka riƙe."

Daga nan babu mai iya zama da shi. Ya yi ta jifa har iska ta juyo ta kafaɗarsa ta dama, ta kawo ƙuda ta dasa masa a kunne. Aka kai shi wurin likita da igiya tana jan ƙasa a bayansa. Ya fito da kunne naɗe da bandeji, ya wuce mashaya kai tsaye, ya shaida wa jama'a cewa duk wani babban gwani a Norway yana da irin wannan tabo.

Lachlan ya ce, "Kaza ɗaya, wando ɗaya, Fasto ɗaya, kunne ɗaya. Saura kifi, Mijin Yaya."

Ana gobe biki, suna cin abincin yamma, Ishbel ta ajiye cokali. Hankalinta ya tashi, kuma ba ta ɓoye ba.

"Murdo, daga ni sai kai a nan. In ba ka iya ba, ka faɗa min, ni in jefa da kaina. Ba nisa ake nema ba. Ƙuda ya taɓa ruwa kawai. So nake in ga sandar nan a kan kogi sau ɗaya, yadda na saba gani ina yarinya, in mayar da ita inda take."

Ya buga ƙirji har miya ta fantsama. "Gobe za ki ga jifan da tsohonki bai taɓa yi ba."

Da safe ta sauko da sandar, ta goge ta da gefen rigarta, ta saka a jakar yadi, ta miƙa masa da hannu biyu. Sannan ta yi gaba don ta taya mata dafa miya da gasa wainar alkama a zauren gari. Ƙofa tana rufuwa Murdo ya shige rumfar bayan gida.

Ya dubi siririyar igiyar silikin ya girgiza kai. Huɗu! Da wannan zaren ɗinkin ake so ya kunyata a gaban Lachlan? Ya warware ta daga ɗan ƙaramin kwarkwaron da take naɗe a kai, ya gwada naɗa mai ruwan ɗorawa, ko rabinta bai shiga ba. Ya ciro ƙaton kwarkwaron Torquil, shi kuma ya ƙi zama a gindin sandar. Sai an ɗaure. Ya waiga neman abin ɗauri, idonsa ya faɗa kan igiyar silikin a ƙasa. Ya sa almakashi ya yanyanka ta, ya ɗaure kwarkwaron tamau, ƙulli a kan ƙulli. Igiyar mai ruwan ɗorawa ta ƙi wucewa ta ƙananan zobban sandar, ya shafe ta da man shanu ya tura da ƙarfi. Da ya gama ya ja baya ya kalli aikinsa, ya ce, "Tsoho, na yi maka gyara."

Bakin kogi ya cika maƙil. Fergus mai busa ya zo a gaba da bujensa na gargajiya, salkar da ke tara wa algaitarsa iska a hammata, kumatu kamar za su fashe. Fasto Dunbar, da filasta a goshi, ya yi addu'a gajeriya yana hararar gefe guda. Shugaban ƙungiya, tsohon Kanar Ogilvie, ya ɗaga kwano ya zuba wa kogi rabonsa. Murdo kuwa ya zo cikin wandon roba mai kai wa ƙirji, ya ɓoye gindin sandar a cikin kwat, bai fito da shi ba sai da ya shiga ruwa har gwiwa.

Lachlan ne ya fara gani. "Mijin Yaya! Mece ce wannan? Jirgin ruwa za ka ɗaure?"

Ishbel ta taho daga zaure da ludayi a hannu. Tana hango ruwan ɗorawan nan ta saki ludayin. "Murdo! Tsaya! Murdo!"

Ina! Fergus ya riga ya saki busa, ko tsawa aka yi ba mai ji. Murdo ya ga matarsa tana ɗaga hannu, ya ɗauka kirari take masa, ya ɗaga mata hula. Ya zaro igiya mai yawa ya tara a gabansa, don nufinsa waccan gaɓa. Ya kaɗa sau ɗaya, sandar ta lanƙwashe har ta yi ƙara. Tsofaffin da ke gaba suka runtse ido. Ya kai ta baya da ƙarfi, igiyar ta tafi fuu ta kan jama'a, kowa ya duƙa, Kanar ya zube da kwanonsa. Fergus kaɗai bai duƙa ba, don idonsa a rufe yake yana busa. Ƙugiya ta shige salkarsa. Waƙar ta koma kukan akuya, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu.

A cikin wannan shirun kowa ya ji Ishbel ta ce, "Kada ka ja."

Murdo ya ɗauka reshe ya kama. Ya cije leɓe, ya sa hannu biyu, ya fizgo gaba da duk ƙarfin da ya tara a shekarun ɗaukar darduma.

Ƙas! Kan sandar ya tafi. Ƙas! Tsakiyarta ta tsage gida-gida. Shi kuma da ya rasa abin da ke riƙe da shi, ya tafi da fuska cikin Voran. Wandon roba ya sha ruwa, ƙafafu suka yi sama, sai takalma biyu kake gani suna harbin iska. Hularsa ta bi ruwa, ƙudajenta sun taɓa ruwan kogi a karon farko, kuma ba ta yi nisa ba wani kifi ya taso ya cafke ɗaya ya nutse da ita gaba ɗaya.

Torquil ya yi ihu, "Hular ta kama! Ku ba hular jifan baɗi!"

Gari ya ɓare da dariya. Peigi ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Fergus yana jujjuya salkarsa yana zagin da bai kamata Fasto ya ji ba, Fasto kuwa ya yi kamar bai ji ba. Lachlan ya shiga ruwa ya kamo Murdo ta maɗaurin wando ya jawo shi gaɓa kamar buhun dankali, yana cewa, "Wannan ne mafi girman abin da aka taɓa fitarwa daga kogin nan, kuma ko kyauta ba mai karɓa."

Sai dariyar ta fara raguwa daga gefe guda. Ishbel ce ta shiga ruwan da takalminta na coci, da rigarta, tana tsintar guntayen gora ɗaya bayan ɗaya. Ta kamo gindin sandar, ta juya shi, ta ga ƙullin da aka ɗaure ƙaton kwarkwaron da shi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Murdo, ina igiyar Baba?"

Yana zaune a laka yana tofar da ruwa. "Ai... ita ce nan. Ta yi amfani."

Ta kawo gindin sandar daidai hancinsa, ta sa yatsa a kan tawadar. "Karanta min."

"Huɗu."

"Ashe ka iya karatu."

Ta cire gyalenta ta naɗe guntayen a ciki, ta hau gaɓa, ruwa yana zuba daga rigarta. Jama'a suka dare mata. Ta tsaya a gaban ƙanenta, ta ɗaga murya yadda na baya ma za su ji.

"Lachlan, ka yi haƙuri. Kai ne da gaskiya. Ga sandar Baba."

Lachlan ya yi shekara da shekaru yana jiran ranar da zai ji wannan magana daga bakin yayarsa. Ya karɓi ƙunshin, ya buɗe, ya rufe. Maimakon gori, sai ya cire kwat ɗinsa ya yafa mata.

Shi kuwa gogan naka, ko a nan bai yi shiru ba. Ya miƙe yana ɗigar ruwa, bandeji yana lilo a kunne, ya ce, "Gorar ce ta tsufa. Ai da sandar ma goma sha biyu ce..."

Kanar Ogilvie ya ce, "Wani ya mayar da shi cikin ruwan."

Tun daga ranar babu mai kiransa Murdo a Dalvoran. Sha Biyu ake ce masa, a kanti, a mashaya, har a ƙofar coci. Ishbel ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kore shi ba. Igiyar nan mai ruwan ɗorawa ta wanke, ta naɗe, ta rataye a kan ƙusoshi biyun da ke bisa murhu, daidai saman kujerarsa, inda duk wanda ya shigo zai gani.

Ya jure na ɗan lokaci. Wata rana da yamma ya yi gyaran murya ya ce, "Ishbel, ba za a sauke abin nan ba? Nauyinsa zai iya karya ƙusoshin."

Ba ta ɗago daga saƙarta ba. Ta ce, "Ƙusoshin za su ɗauka. Ni ma ai ina ɗauke da kai."